Tapsilog a Madafar Yamai: Yadda Ake Haɗa Karin Kumallon Filifin na Nama, Shinkafa da Ƙwai

Kuku a unguwar Filato ta Yamai ba shi yake zaɓen abin da zai ɗora a wuta ba. Unguwa ce ta ma'aikatun gwamnati da ofisoshin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da gidajen baƙi, kowane maigida da cimar da harshensa ya saba. Yau a ce maka abincin Faransa, gobe na Labanan, jibi wani da ya yi zaman aiki a Jidda ko Dubai, inda ƴan Filifin suke da yawa da gidajen abincinsu, ya ce yana marmarin tapsilog. Yaran da ke koyon aiki a hannuna in suka ji abin da ke cikinsa sai su yi murmushi: nama, shinkafa, ƙwai, wa bai iya ba? Can sai ga nama mai tauri yana iyo cikin ruwansa, shinkafa ta caɓe, tafarnuwa ta ƙone tana ɗaci, ƙwai kuma ya huce tun ba a zauna ba. Kullum kuskuren iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abu uku ne a faranti ɗaya, kuma daga sunayensu aka haɗa sunan abincin: tapa, naman sa da aka yanka fale-fale aka jiƙa cikin kayan ɗanɗano, sinangag, shinkafar jiya da aka soya da tafarnuwa, sai itlog, wato ƙwai. Sunan ya bazu ne a shekarun 1980 daga ƙananan gidajen abinci na Manila da kewaye, amma tapa ta girme shi nesa ba kusa ba. A da gishiri ake sa wa naman a shanya shi a rana don kada ya lalace. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu kilishi ya ga yadda suke fere nama su baza shi kan zana ya san tushen abin. Bambancin shi ne kilishi ana busar da shi ƙayau a tsoma shi cikin labu a gasa, ita kuwa tapar yau ba ta bushewa sosai, soya ta ake yi a ci da zafinta.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: wannan karin kumallo ba da safe ake yin sa ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Nama da shinkafa duka aikin daren jiya ne, suyar da ta rage da safe kamar minti 25 ce.

Kayan da za ka tanada (na mutum 4)

Na nama: tsokar sa rabin kilo, sos-soja cokalin cin abinci 4, ruwan lemun tsami cokali 2, sukari cokali 1, tafarnuwa ƙwaya 6, dakakken masoro rabin cokalin shayi.

Na shinkafa: ɗanyar shinkafa kofi 2, tafarnuwa dunƙule guda cur, man gyaɗa cokali 3, gishiri.

Sai ƙwai 4, binegar, ɗanyen barkono, tumatir da kokamba.

Kayan aiki: wuƙa mai kaifi sosai, katakon yanka, kasko mai faɗi da kauri guda biyu in da hali, babban tire, roba mai murfi, da firigo mai aiki.

Sos-soja shi ne baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken soya, ana samun sa a manyan kantunan kayan abinci na cikin gari. Wasu ire-irensa suna da ɗan burbushin giya da ke fitowa wajen tsima su, saboda haka a gidan Musulmi duba alamar halal a jikin kwalba. In bai samu ba, Arôme Maggi na kwalba zai rufa asiri, amma rabin awo za ka sa, don ya fi ƙarfi kuma ƙamshinsa yana danne komai. Dunƙulen magi kuwa kada ya kusanci wannan abinci. Ƴan Filifin da wani ƙaramin lemu mai suna kalamansi suke yi, yana tsakanin lemun tsami da lemun zaƙi. Namu lemun tsamin ya fi shi kaifi, shi ya sa ban wuce cokali 2 ba. Tafarnuwa kuwa ka nemi ta Agadas, ƙanana ce, ɓare ta akwai cin rai, amma ƙamshinta ya ninka na manyan fararen nan da ake shigowa da su. Bayan da Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012 cefanen Filato ya ƙara nisa, gara ka haɗa komai a fita ɗaya, ko Babbar Kasuwa ko Katako.

Wani gargaɗi kafin mu shiga aiki. Tapsilog yana da ƴan'uwa masu kama da sunansa, irin su longsilog da tosilog, kuma galibi da naman alade ake yin su. In an kawo maka wani ƙunshi daga waje an ce ka soya, karanta abin da ke jiki tukuna.

Mataki na 1: Sayen nama da hutar da shi

Nan ne aka fi faɗuwa. Littattafan girkin waje an rubuta su ne don naman shanun da aka ɗaure aka yi wa kiwo, aka kuma ajiye naman cikin sanyi kwanaki kafin a sayar. Namu shanun, Azawak ne ko Bororo, sun sha tafiya, ciyawar daji suka ci, kitsensu kaɗan ne, kuma yawanci sai sun manyanta ake kai su abatuwar. Daɗi kam sun fi, amma akwai tauri. Ka ce wa mahauci file kake so, ko tsokar gadon baya da ke kusa da shi. In babu, tsokar cinya wadda ba jijiya. Ka ce ya ba ka dunƙule guda, kada ya sassara maka yadda ya saba yi wa masu miya.

Naman da ke kan tebur da safe, da dare ko da asuba aka yanka shi. Bayan yanka da ƴan sa'o'i tsoka takan sandare, kuma sai ta kwana cikin sanyi take sakin jiki. Wanda ya sayo da safe ya soya da rana, a daidai lokacin da naman ya fi kowane lokaci tauri ya kama shi. Saboda haka in ranar Lahadi za a ci, sayo ranar Juma'a, ka nannaɗe ka sa a ƙasan firigo, ka yanka ranar Asabar da yamma.

Mataki na 2: Yanka

Cire farar fatar nan mai sheƙi da jijiyoyi. Suya ba ta narkar da su, sai ma su tattare su lanƙwasa naman. Ɗan kitsen da ke gefe bar shi. Sa naman a gidan ƙanƙara na firigo minti 40 zuwa awa guda, har ya yi ƙarfi amma bai daskare ba. Nama mai laushi yana zillewa ƙarƙashin wuƙa, ga yanka ba ya daidaita, ga haɗarin yatsa.

Dubi tsokar da kyau za ka ga zare-zarenta sun miƙe sun nufi gefe guda. Gicciye za ka yanka, ka datse zaren, kada ka bi tsawonsa. Mai kilishi yana iya bin tsawo don shi faɗi yake nema, kuma mai ci ya san zai yi ja. Kai kuwa so kake cokali ya iya raba naman. Kaurin kowane yanki kamar milimita 3, faɗinsa kamar yatsu uku. Wanda ya fi haka kauri ɗora shi kan katako ka bubbuga da bayan wuƙa. Yi ƙoƙari su zo ɗaya, don in wani siriri wani kakkaura, kafin wannan ya nuna wancan ya ƙone.

Mataki na 3: Jiƙo

Daka tafarnuwa ƙwaya 6, haɗa da sos-soja, lemun tsami, sukari da masoro, juya har sukarin ya narke. Ɗanɗana kafin nama ya shiga, don bayan ya shiga ba a ɗanɗanawa. Gishiri ne zai fara zuwa harshe, tsami ya biyo, zaƙi a ƙarshe kaɗan. Kada ka ƙara gishiri, sos ɗin ya ɗauke wannan. Zuba naman ka murza da hannu yanki-yanki har kowanne ya samu, ka rufe, ka sa a firigo ya kwana.

Za ka ga ruwan kamar bai isa ba. Ya isa. Ba a son nama ya nutse, so ake ya shanye. Awa 8 zuwa 12 ya yi daidai. In ya haura kwana guda tsamin lemu yakan dafa bayan naman, ya yi fari-fari ya riƙa marmashewa, gishiri kuma ya tsotse ruwan cikinsa.

Yi amfani da roba ko kwanon gilas, ban da tukunyar dalma, don tsami yana cin ta ya bar ɗanɗanon ƙarfe. Kuma kada a ce wai gishiri da lemu za su tsare nama a bar shi kan tebur. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, ko da dare madafa ba ta hucewa. Wannan jiƙon ɗanɗano yake bayarwa, ba ya hana ruɓa. In wuta ta ɗauke cikin dare kada ka riƙa buɗe firigo kana leƙawa. A rufe yana riƙe sanyinsa wajen awa 4. In ta daɗe fiye da haka kuma ka taɓa naman ka ji ba sanyi, haƙura da shi, ka sanar da uwargida.

Wasu suna goga ɗanyar gwanda cikin jiƙon don ta tausasa nama, kamar yadda iyayenmu mata ke nannaɗe shi da ganyenta. Tana aiki, har ta wuce gona da iri: a siririn yanka irin wannan, in ta kwana sai naman ya dagargaje. In dole ne, cokalin shayi guda, awa ɗaya kafin suya.

Mataki na 4: Shinkafar dare

Shinkafar da aka sauke yanzu cike take da tururi, in ta shiga mai sai ta manne da juna. Wadda ta kwana cikin sanyi ƙwayarta ta tsane ta yi ƙarfi, ita ce ke warwarewa a kasko. Dalilin da ya sa ƴan Filifin suke wannan suya ke nan tun asali: ragowar jiya ce ake gyarawa da safe don kada a zubar.

Doguwar ƙwaya ake so. Mai ƙamshin nan ta Tailan ta fi kusa da tasu, kuma Gambiyaka tamu ta bakin kogi tana yi sarai in an tsince ta. Karyayyar shinkafa ba ta yi. Wanke sau uku har ruwan ya washe, don garin da ke jikinta shi ne ke kawo danƙo. Kofi 2 na shinkafa, ruwa kofi 2 da rabi zuwa 3. Sabuwar shinkafa ba ta son ruwa da yawa. Ba gishiri, ba mai, ba albasa.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Al'adarmu ce a bar shinkafa cikin tukunya a rufe har safe. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, tana zama a ɗanyar shinkafa, kuma dafuwa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta daɗe da ɗumi sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta zuba dafi, dafin kuma suyar safe ba ta karya shi. Mai ci sai amai cikin ƴan sa'o'i, a yi ta zargin ƙwai ko ruwa. Maganin mai sauƙi ne: da ka sauke, juye kan babban tire ka baza ta sha iska, ko gaban fanka, cikin awa guda ta shiga firigo. In ka bar ta a buɗe awa biyun farko a cikin firigon za ta ƙara tsanewa, sannan ka rufe.

Tun da kana tsaye, ɓare tafarnuwar safe ka ajiye. Haɗa kuma abin dangwale: binegar cokali 4, tafarnuwa ƙwaya 2 a farfashe, barkono guda a yayyanka, ɗan gishiri da masoro. Farin binegar da muke samu a nan ya fi na Filifin, na rake ko na kwakwa, kaifi, sai ka sassauta shi da cokalin ruwa da ɗan sukari. Kwana yana ƙara masa daɗi.

Mataki na 5: Suyar shinkafa

Da safe fara fito da nama, zare shi daga jiƙon, share ɓarɓashin tafarnuwar da ya manne, baza shi kan tire ya tsane. A lokacin hunturu iska kaɗai tana yin aikin cikin rabin awa, amma rufe da raga saboda ƙuda da ƙura. Sauran ruwan jiƙon zubar da shi.

Jiƙa hannunka ka murmushe shinkafar tun tana kan tire, kada ka bar curi ko ɗaya, ka barbaɗa gishiri kamar cokalin shayi guda. A cikin kasko curi ba ya fashewa sai an danna, dannawa kuma tana farfasa ƙwayar.

Yayyanka tafarnuwar ƙanana da wuƙa. Kada ka daka ta a turmi ta yi laushi, don dakakkiya tana da ruwa, tana kamawa ta ƙone nan take. Zuba mai da tafarnuwa tare a kasko tun yana da sanyi, sannan ka kunna wuta ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne sirrin sinangag gaba ɗaya. In mai ya yi zafi kafin ta shiga, bayanta ya yi baƙi cikinta ɗanye, man kuma bai ɗauki komai ba. A wuta kaɗan takan ɗauki minti 4 ko 5 tana sakin ƙamshi cikin man. Kada ka matsa ko nan da can. Da ta fara yin ruwan zuma-zuma, kwashe rabi ka ajiye kan takarda, don tana ci gaba da nuna bayan an cire ta. In ta riga ta yi duhu, zubar da man duka ka sake. Ɗacin ba ya gyaruwa, kuma asarar tafarnuwa ta fi asarar shinkafa sauƙi.

Ƙara wuta sosai, zuba shinkafar, juya daga ƙasa zuwa sama har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Baza ta ka bar ta rabin minti, ka sake juyawa, haka har minti 5 ko 6, sai ta yi zafi ko'ina. Fara ake so ta fito. Hannun yaranmu yana ƙaiƙayin kori da karas da tumatirin gwangwani, saboda sun saba da soyayyar shinkafar biki. Riƙe hannunka. Naman yana da ƙarfin ɗanɗano, aikin shinkafa ta tare shi. Juye a kwano ka rufe.

Mataki na 6: Suyar nama

Kasko ya yi zafi sosai, mai cokali ɗaya ko biyu. Jera yankan ɗaya bayan ɗaya kana nesa da fuskarka, saboda danshin nama da mai mai zafi suna fantsama. Kada wani ya hau wani, kada kuma ka cika kasko. Rabin kilo a kashi uku za ka soya. In ka juye duka lokaci guda zafin kasko ya faɗi, naman ya fitar da ruwa, suya ta koma dafuwa, ka samu nama toka-toka mai jan haƙori. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu kowane gefe, kada ka taɓa shi tsakani. Gefen ya yi duhu yana ƙyalli, wannan aikin sukari ne. Sukarin nan kuma shi ne ke saurin ƙonewa, saboda haka in ka ga hayaƙi ya fara baƙi rage wuta, ka kuma goge kaskon da takarda kafin kashi na gaba.

In ka san naman da ka samu na tsohon sa ne, ko cinya ce, ga dabarar da su kansu matan Filifin suke yi: zuba naman duka a kasko da ruwa rabin kofi, rufe, wuta matsakaiciya minti 12 zuwa 15 har ruwan ya ƙafe, sannan ka buɗe ka zuba mai ka soya har ya yi launi. Bai kai na farko kyan gani ba, amma yana taunuwa, kuma a ganina da namanmu wannan hanya ta fi rufin asiri a mafi yawan ranaku. In ita za ka bi, ɗora naman tun kafin ka fara shinkafa, su ƙare tare.

Mataki na 7: Ƙwai

Shi ne na ƙarshe, kuma ba a fasa shi sai an ji masu ci sun zauna. Ƙwan da ya sha rana a kanti ba abin yarda ba ne: sa shi cikin kwanon ruwa, wanda ya taso sama ya tsufa. Fasa kowanne a kofi tukuna kafin kasko. Yi amfani da kasko mai tsabta, ba na nama ba, in ba haka ba farin ya yi dabbare-dabbare ya kama.

Mai cokali 2, wuta matsakaiciya zuwa sama. Zuba ƙwan a hankali, ba kaɗawa ba juyawa. Karkata kaskon ka riƙa ɗiban man da cokali kana zubawa kan farin har ya ƙulle, gefensa ya yi ƙurus-ƙurus, ƙwanduwar kuma tana rawa. Ƴan Filifin haka suke so, don ƙwanduwar ce miyar abincin, ana fasa ta a cuɗa da shinkafa. Da yawa cikin mutanenmu ba sa son ganin ta ɗanya, don haka tambayi maigida tun farko. Ga mai juna biyu, ƙaramin yaro, tsoho ko marar lafiya, dafa ta ta nuna sarai, ba sai an tambaya ba. Da damina in ƙwan zabi ya shigo kasuwa gwada shi, biyu ga mutum guda. Ƙwanduwarsa ta fi ta kaji kauri da daɗi.

Mataki na 8: Zubawa

Cika ƙaramin kwano da shinkafa ka kife a faranti, barbaɗa soyayyar tafarnuwar da ka ajiye. Nama a gefe, ƙwai a kai ko a ɗaya gefen, yankan tumatir da kokamba, binegar a ɗan kofinsa daban. Kada ka zuba binegar a kan naman da kanka, kowa da yadda yake dangwalawa. A Filifin sukan haɗa da acara, ɗanyar gwanda da aka goge aka jiƙa cikin binegar da sukari da citta da karas. Gwanda ba ta yi mana wuya, in ka yi kwalba guda tana mako biyu a firigo. Cokali da cokali mai yatsu za ka ajiye, ba sa bukatar wuƙa. Abin sha baƙin kofi ne, shayinmu ma yana tafiya da shi.

In maigida ya makara, shinkafa tana jure rabin awa a rufe kusa da wuta, nama kuma ka mayar da shi kasko minti ɗaya da ɗigon ruwa. Shinkafar da ta rage bayan an ci kada ka sake ɗumama ta, ta riga ta ga wuta sau biyu. Ɗanyen naman da aka jiƙa kuwa yana daskarewa lafiya: raba shi kashi-kashi a leda, ka daddanne su yi faɗi, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka sa a gidan ƙanƙara. Duk daren da aka ce gobe ana so, ka sauko da leda ɗaya ƙasan firigo ta narke a can, ka ɗora shinkafa.